Banjon da ke waƙar Beyonce ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan ɗan guntun labarin da kuka buga a shafin nishaɗi bayan bikin raba kyaututtukan Grammy na ranar 2 ga Fabrairu, 2025. A ciki kun nuna cewa mawaƙiyar Amurka Beyonce ta kutsa kai cikin kiɗan Turawa, wato kiɗan kantiri, har ta ƙwace kambu a hannun masu abin. Na karanta layin nan sau uku a kan bencina. Ban ga laifin wanda ya rubuta ba, domin ni ma abin da na ɗauka ke nan fiye da shekara talatin. Amma kuskure ne, kuma tun da jarida ta buga shi, ya kamata a jarida a gyara shi.

Ni mai gyaran rediyo ne a Zariya. Tun 1984 nake riƙe da ƙarfen narka dalma. A shekarun farko, ban da gyara, ina ɗaukar wa mutane kaset: ka kawo fankon kaset, ka faɗi abin da kake so, ka dawo bayan la'asar ka karɓa. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya su ne kan gaba, sai waƙoƙin Indiya. Amma akwai wata aljihun tebur guda da na ware wa kiɗan kantiri, kuma ba ta taɓa yin ƙura ba. Direbobin manyan motoci masu tafiyar dare zuwa Legas Don Williams suke nema, sun ce muryarsa ba ta tayar da hankali, tana raka mutum hanya. Ma'aikatan reluwe da tsofaffin malaman makaranta Jim Reeves suke so. 'Yan jami'a kuwa Kenny Rogers da Dolly Parton. Da yawansu ba su jin rabin Turancin, amma sun san inda waƙar ke ciwo. A bayan kowane kaset na asali, farin mutum ne da malafar makiyaya. To wa zai ce mini ba kiɗan Turawa ba ne?

Abu ɗaya ne ya taɓa girgiza ni a wancan zamani. Akwai wani mawaƙi, Charley Pride, da na shekara biyu ina ɗaukar wa mutane waƙoƙinsa daga wani kwafi marar hoto. Ranar da wani ɗalibi ya kawo na asali, sai na ga baƙin mutum kamar ni. Daga baya na ji cewa ko a can Amurka, da aka fara fitar da fayafayansa a 1966, ba a aika wa gidajen rediyo da hotonsa ba, don kada launin fatarsa ya hana a sa waƙar. Mutumin nan sau 29 yana hawa saman jadawalin kantiri na mujallar Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi karɓuwa, kafin rasuwarsa a Disambar 2020. Na yi mamaki a lokacin, na ɗauka shi kaɗai ne ya ɓata hanya ya faɗa gonar wasu, na ci gaba da sana'ata.

Sai a watan Fabrairun 2024. Autata ta kawo mini abincin rana shago, wayarta na hannunta. Ta ce, "Baba, kai da kake son kantiri, ga wata sabuwa, amma ba za ka canki mai ita ba." Ina tsakiyar liƙa wata ƙafar kwandensa a rediyon wani dattijo. Ta danna. Kafin a ji murya ko ganga, abin da ya fara fitowa shi ne tsirkiya, ana bugunta da sauri, sautin gajere, busasshe, yana tsalle kamar ƙwallon goruba a kan daɓe. Na ajiye ƙarfen a kan mazauninsa. Na ce ta mayar baya. Ta mayar. Na ce ta sake. Sau huɗu muna jin daƙiƙoƙin farkon nan kaɗai, ita tana kallona, ni kuma ina can ƙauyen mahaifiyata a ƙasar Katsina, ina ɗan shekara tara, a bakin filin kokawa bayan kaka.

Kawuna, yayan mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, makaɗin gurmi ne. 'Yan kokawa yake yi wa kiɗa. Na ga yadda yake haɗa abinsa da idona. Zai zaɓi duma mai kauri ya yanke shi biyu, ya kankare cikinsa tas, ya huda gefe da gefe ya zura sanda ta ratsa ta fito ta ɗaya ɓangaren. Ya jiƙa fata ta kwana, da safe ya ɗaura ta a bakin duman, ya ja ta har sai ta yi tsam, ya bar ta a inuwa ta bushe a hankali, don in aka sa ta a rana kai tsaye tsagewa take yi. Sannan ya ɗaura tsirkiya, ya sa ɗan guntun itace a kan fatar ya ɗaga ta. In damina ta yi sanyi fatar ta saki, sai ya kanga ta kusa da wuta yana ƙwanƙwasawa da yatsa har muryarta ta dawo. Sautin da ke fita daga tsirkiyar da aka ɗora a kan fata daban yake da na jita mai akwatin katako. Ba ya ja da tsawo, yana faɗuwa nan take, na gaba ya biyo shi. Wanda ya tashi da shi a kunne ba ya ɓata masa. Shi na ji a wayar yarinyar nan.

Waƙar ita ce "Texas Hold 'Em". An sake ta ranar 11 ga Fabrairu, 2024, daren wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da suke kira Super Bowl. Cikin kwanaki ta hau lamba ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin kantiri na Billboard, kuma tun da aka kafa jadawalin ba a taɓa samun baƙar mace a wannan matsayi ba sai ita. Ta yi mako goma a wurin. Ta kuma hau saman babban jadawalin da ya haɗa kowane irin kiɗa. Abin kiɗan da ya buɗe waƙar sunansa banjo, mai kaɗa shi kuma wata mata ce 'yar jihar North Carolina, Rhiannon Giddens, wadda mahaifiyarta baƙa ce. Autata ce ta lalubo mini sunanta, ta kuma nemo mini jawabanta a intanet tana fassara mini inda Turancina ya gaza. Mun yi makonni a haka bayan sallar isha'i.

Abin da na koya shi ne nake so masu karatunku su sani. Banjo ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka haɗa shi a tsibiran Karibiyan tun ƙarni na 17, da duma da fata da sanda, kamar yadda suka saba a gida. Wani likita haifaffen Ireland, Hans Sloane, ya gan shi a hannun bayi a Jamaika wajen 1688, har aka buga zanensa a littafinsa. Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta a farkon shekarun 1780 cewa wannan abin kiɗa na baƙaƙe ne, daga Afirka suka zo da shi. Ka ga shaida daga bakin wanda ba shi da dalilin yi mana alfarma.

Ba na so in yi irin kuskuren da nake ƙorafi a kai, don haka ba zan ce banjo daga ƙasar Hausa ya fito ba. Masu bincike sun fi nuna akontin, abin kiɗan ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya da Gini Bisau, domin shi ma duma ne, sanda ta ratsa shi, yana da gajeriyar tsirkiya guda da ake bugu da babban yatsa, sauran kuma a buge su da bayan farce ana saukar da hannu ƙasa, daidai yadda tsofaffin makaɗan banjo ke yi. Amma dangi ne babba. Ngoni na Mali, halam na Senegal, molo da garaya da gurmi namu, har da kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, duk gida ɗaya ne: tsirkiya a kan fata. Bayin da suka haɗu a gonakin rake ƙabilu ne barkatai, kowa ya kawo abin da ya tuna, aka samu sabon abu mai kama da kowa.

To yaya aka yi ya koma hannun fararen fata har muka manta? A shekarun 1830 da 1840 wasu Turawa 'yan wasa suka fara shafa baƙin toka a fuska suna hawa dandamali suna kwaikwayon bayi don a yi dariya, banjo a hannu. Ɗaya daga cikin na farko, Joel Sweeney, a wurin baƙaƙen jihar Virginia ya koyi kiɗan. Wasan ya karɓu ƙwarai, masana'antu suka shiga ƙera banjo da katako da ƙarfe, duma ya ɓace. Su kuma baƙaƙe, ganin an mayar da abin kakanninsu kayan yi musu izgili, da yawa suka yar da shi. Wa zai so ya riƙe sandar da aka doke shi da ita? Sai kuma a shekarun 1920 kamfanonin faifai suka zo kudancin Amurka, suka tarar da talakawa baƙi da fari suna kiɗa iri ɗaya, wani lokaci ma a ƙungiya ɗaya, suka raba kasuwar biyu: wannan faifan na baƙaƙe, wancan na fararen ƙauye. Na fararen ƙauyen ne ya zama kantiri. Rabon na 'yan kasuwa ne, don a san shagon da za a kai kowane kaya. Ni da na sayar da kaset na san yadda ake yin wannan, ka ware aljihun tebur ka liƙa masa suna, bayan shekara goma kowa ya ɗauka haka Allah ya halicci abin.

Duk da haka hannun baƙaƙe bai fita ba. Hank Williams, wanda suke ɗauka uban kantiri na zamani, wani baƙin makaɗin titi a Alabama, Rufus Payne, shi ya koya masa jita yana yaro. Lesley Riddle ya yi ta yawo ƙauyuka tare da wani farin mawaƙi, A.P. Carter, suna tattara waƙoƙi, shi ke riƙe karin a ka, Carter na rubuta kalmomin, amma sunan gidan Carter ne ya shiga tarihi. DeFord Bailey, baƙin mai busa, na cikin taurarin farko na shirin rediyon kantiri na Grand Ole Opry da ke Nashville, aka sallame shi a 1941, ya ƙare yana sana'ar goge takalma. Wannan na ƙarshen ya daɗe yana damuna. Mutumin da dubban gidaje ke jiran busarsa a rediyo kowane daren Asabar, ya koma durƙuso a gaban ƙafafun mutane.

Sai Linda Martell, baƙar mace ta farko da ta yi waƙa ita kaɗai a dandalin Opry, a 1969. Kundi ɗaya ta fitar, aka ture ta gefe, ta koma garinsu ta yi aikace-aikace har da tuƙin motar 'yan makaranta. Beyonce ta nemo ta tana da shekara 82, ta sa muryarta a kundin da wannan waƙa ke ciki, "Cowboy Carter", wanda ya fito ranar 29 ga Maris, 2024. Wannan ya burge ni fiye da kyautar. Yarinya ta samu ɗaukaka, ta waiwaya ta kamo hannun tsohuwar da aka manta.

Kada a ɗauka ƙofa a buɗe Beyonce ta same ta. Kwana biyu da fitar waƙar, wani mai sauraro ya roƙi wani gidan rediyon kantiri a jihar Oklahoma ya sa ta, aka ba shi amsa cewa su gidan kantiri ne, ba sa sa Beyonce. Sai da jama'a suka yi ca a kansu suka sa, suka ce ba su san ta fitar da sabuwar waƙa irin tasu ba. Akwai kuma abin da labarinku bai bambance ba. Jadawalin da ta hau samansa yana ƙidaya saye da sauraro ta intanet tare da rediyo, wato muryar jama'a ce ta fi yawa a ciki. Akwai wani jadawali dabam da ke ƙidaya abin da gidajen rediyon kantiri kaɗai suka sa, kuma a can ko kusa da sama ba ta je ba. Da ƙungiyar masu kiɗan kantiri ta CMA ta fitar da sunayen 'yan takarar kyaututtukanta a Satumbar 2024, ko sau ɗaya ba a ambace ta ba, alhali ita ce ta yi mako goma a lamba ta ɗaya. Ita wannan ƙungiya ce Beyonce ta yi waƙa a bikinta a 2016, aka yi ta zaginta a kafafen sada zumunta ana cewa ba wurinta ba ne. Mace haifaffiyar Houston, a jihar Texas, ƙasar shanu da dawaki, ake gaya wa haka. Shi ya sa kyautar Grammy ta kundin kantiri mafi kyau da ta samu a 2025 take da nauyi, domin babu baƙin da ya taɓa samunta kafin ita.

Edita, na san abin da wasu masu karatu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Sunan waƙar sunan wani wasan karta ne na caca. Cikinta akwai mashaya da barasa da rawa, har da kalmomin da ba zan so in ji a bakin 'ya'yana ba. Shigar da take yi a hotunanta ba irin wadda zan yarda da ita a gidana ba ce. Na gaya wa autata haka ƙarara, ta kuma fahimta. Ban rubuto don in ce a koya wa yara baitocin ba. Kawuna ma da yake kiɗan 'yan kokawa, mahaifina bai taɓa son in bi shi fili ba, kuma malamai na da maganarsu a kan kiɗa tun fil azal. Wannan muhawara ce tamu ta cikin gida. Amma ko mutum ya ƙi kiɗa ɗungurungum, bai kamata a gaya masa ƙarya game da asalin abu ba. Mutanen da aka ɗaure da sarƙa aka tsallaka teku da su, aka raba su da suna da harshe da addini, abin da suka iya ɓoyewa a ka suka haye da shi kaɗan ne. Yadda ake ɗaura fata a kan duma na cikin kaɗan ɗin. In muka kira shi na Turawa, mun taya a ƙwace musu har wannan.

Akwai wani abu game da matar nan mai banjo da ya sa na ƙara ganin girmanta. Ta koyi tsofaffin kiɗan ne a wurin wani dattijo baƙi mai goge, Joe Thompson, wanda ya rasu a 2012, yana cikin na ƙarshe da suka gaji irin wannan kiɗa daga iyayensu a yankinsu. Ita da abokanta biyu suna zuwa gidansa su zauna a gabansa, kamar yadda almajiri ke zama gaban malami. Sannan a 2023 ta samu kyautar Pulitzer, babbar lambar yabo ta Amurka a fagen rubutu da kiɗa, ita da abokin aikinta Michael Abels, saboda wasan waƙa da suka tsara a kan rayuwar Umar ibn Sa'id. Wannan bawan Allah malami ne Musulmi daga Futa Toro, a ƙasar Senegal ta yau. An kama shi aka kai shi Charleston a 1807, ya rayu cikin bauta har ya tsufa ya mutu, kuma a 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da Suratul Mulk. Ranar da autata ta karanta mini wannan, na kasa cin tuwon dare. Bawa a hannun wani, ya ɗauki alƙalami, abin da ya fara rubutawa shi ne mulki a hannun Allah yake. Matar da ta tono wannan labari ta kai shi gaban duniya, ita ce yatsunta ke kan tsirkiyar da ta buɗe waƙar da kuka kira ta Turawa.

Kuma da waƙar Beyonce ta sauka daga lamba ta ɗaya a farkon Mayun 2024, wanda ya gaje ta wani saurayi ne mai laƙabin Shaboozey, haifaffen Virginia, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, iyayensa 'yan Najeriya ne. Karo na farko ke nan da baƙaƙe biyu suka bi juna a saman wannan jadawali. Waƙarsa ta yi mako 19 a saman babban jadawalin Amurka. Ita ma ta mashaya ce, ba zan ɓoye ba. Amma ɗan Najeriya ne ya yi wannan, ban kuma ga an ba shi ko layi biyu a shafinku ba.

Gurmin kawuna yana nan a ɗakin mahaifiyata, a rataye a bayan ƙofa. Fatar ta tsage tun shekarar da ya rasu, 'ya'yansa babu wanda ya koya, biyu suna acaɓa a Kano, ɗaya yana gona. Da sallar da ta wuce na sauko da shi na kakkaɓe, na nuna wa autata inda sandar ta ratsa duman, na kuma sa ta buɗe zanen banjon Jamaika a wayarta muka ajiye su gefe da gefe a kan tabarma. Mahaifiyata, wadda ta haura tamanin kuma idonta ya yi rauni, ta karɓi wayar ta kai kusa da fuska ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaya wane gari ne aka yi wannan gurmin mai dogon wuya.

Roƙona biyu ne. Ku gyara wancan layi a fitowa ta gaba, ku ce kiɗan kantiri na talakawan kudancin Amurka ne, baƙi da fari, kuma banjon da ke cikinsa bayi 'yan Afirka ta Yamma ne suka haɗa shi. Na biyu, ku tura wakilinku na al'adu ƙauyukan Katsina da Zamfara da Sakkwato bayan an gama girbi, lokacin da ake buɗe filayen kokawa, ya nemo masu gurmin da suka rage, ya ɗauki hotonsu da sautinsu, ya tambaye su wa ya koya musu kuma wa suke koya wa. In yana bukatar ɗan rakiya, zan rufe shago kwana biyu in kai shi ƙauyenmu, in ya so mu nemi mai fata a sake ɗaura na kawu a gabansa.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai gyaran rediyo,
Zariya, Jihar Kaduna.